Gatarin Aradu da Jan Ƙarfen Azbin: Matsayin Ƙasar Maraɗi a Tarihin da Ya Gabaci Rubutu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da tone-tonen kufai suka fito da shi game da zamanin dutse da na jan ƙarfe a Nijar, ta auna shi da na Indiya da na ƴan asalin Amurka ta Arewa. Hujjarta ita ce tsarin zamuna uku da ake koyarwa a makarantu, wato dutse, sai tagulla, sai baƙin ƙarfe, riga ce da aka ɗinka wa wata ƙasa, kuma ba ta zauna a jikin tamu ba. Daga nan ta duba abin da wannan ke nufi ga Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, inda tarihin baka ya danganta mutane da Azbin.

Gabatarwa

A ƙasar Hausa manomi kan tsinci wani ɗan dutse mai santsi a gona, kansa ɗaya a wase kamar bakin gatari, ɗayan kuma a tsuke. Sunansa gatarin aradu, domin an ɗauka shi ne ke faɗowa idan tsawa ta tsaga itace, kuma masu magani sukan ajiye shi a cikin kayansu. Bai kamata a yi wa wannan fahimta dariya ba, don mutanen Turai ma haka suka ɗauke shi har cikin ƙarni na 18, kafin su ga irinsa a hannun mutanen da ke sassaƙa shi suna aiki da shi. Gatarin aradu aikin hannun ɗan Adam ne: an zaɓi dutse mai tauri, an farfasa gefensa, an goga shi a kan wani dutsen har ya yi baki, sannan aka ɗaura masa ƙota. Duk inda aka tsince shi, tambaya ta taso ke nan: su wa suka yi shi, yaushe, kuma me ya sa suka bar shi?

Amsar da littattafan makaranta ke bayarwa ta samo asali daga Christian Thomsen, mai kula da gidan kayan tarihi na Kwapanhegan a ƙasar Danmak. A littafin da ya fitar a 1836 ya kasa kayan da ke hannunsa kashi uku, na dutse da na tagulla da na baƙin ƙarfe, ya ce haka suka biyo juna. Ga kaburburan arewacin Turai tsarin ya yi aiki sarai. Matsalar ta zo ne lokacin da aka mayar da shi tsani, aka ce kowace al'umma sai ta taka matakalansa ɗaya bayan ɗaya, wadda kuma ba a ga sawunta a mataki na biyu ba, to ko dai ta makara ko kuwa wani ne ya ɗauke ta ya tsallakar. Daga baya aka soka wani ɗan mataki tsakanin na farko da na biyu, aka kira shi zamanin dutse da jan ƙarfe.

Abin da Indiya da Amurka suka nuna

A Indiya wannan ɗan mataki ya ɗauki shekaru fiye da dubu, kuma bai zo da kama ɗaya ba. Masanan Kwalejin Dekkan ta birnin Pune sun shafe shekaru, daga 1968 zuwa farkon shekarun 1980, suna tona kufan Inamgaon a jihar Maharashtra. Mutanen al'adar Jorwe da suka zauna a can, tsakanin 1400 da 700 kafin Miladiyya, manoma ne masu sha'ir da alkama da shanu. Sun san jan ƙarfe, suna yin ƙugiyar kamun kifi da awarwaro da shi, amma yankan yau da kullum da ƴan siraran wuƙaƙen dutse suke yi. A Ahar kuwa, kusa da Udaipur a Rajastan, inda ma'adinin ke kusa, jan ƙarfe ya yawaita, wuƙaƙen dutse suka yi ƙaranci. A kudancin ƙasar, wurare irin su Hallur sun shiga aikin baƙin ƙarfe wajen 1000 kafin Miladiyya ba tare da wani zamanin tagulla na a zo a gani ba. Abin da ya bambanta su shi ne nisan kowa da ma'adini.

Misalin ƴan asalin Amurka ta Arewa ya fi wannan karya tsanin. A gaɓar tafkin Superior jan ƙarfe yana fitowa tsantsarsa a cikin dutse, ba ya bukatar narkewa. Fiye da shekaru 6,000 da suka wuce mafarauta da masuntan yankin suna bugunsa suna gasa shi, suna yin masu da wuƙaƙe da basilla. Wajen shekaru 3,000 da suka wuce sai suka rage yin kayan aiki da shi, suka koma ga dutse da ƙashi, jan ƙarfe ya zama na ado da nuna matsayi. Wata mai bincike, Michelle Bebber, ta ƙera irin waɗannan kaya ta gwada su, ta ga wuƙar jan ƙarfe ba ta fi ta dutse yanka ba idan aka lissafa wahalar yin ta, basilla ce kawai ta yi zarra. A ma'aunin Thomsen waɗannan mutane sun sauko daga tsani. A ma'aunin mai aiki kuwa, sun gwada abu biyu sun riƙe wanda ya fi biya musu bukata.

Sahara lokacin da take kore

Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fi arzikin shaidar wannan zamani, sai dai yawancinta daga arewa ta fito. A Tagalagal, cikin duwatsun Azbin, Jean-Pierre Roset ya samo tsingaron tukwanen da suka haura shekaru 9,000, cikin mafiya tsufa a nahiyar. A Gobero, a cikin Tenere, ayarin Paul Sereno da ke neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare ya ci karo da wata maƙabarta a shekarar 2000. Rahoton 2008, wanda masanan Nijar Oumarou Idé da Abdoulaye Maga ke cikin marubutansa, ya bayyana kaburbura wajen 200 na al'ummu biyu da suka zauna a bakin wani tafki: ta farko daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin Miladiyya, masu farautar dorina da giwan ruwa da zagon ƙashi, ta biyu daga wajen 5200 zuwa 2500. Tsakaninsu akwai shekaru dubu na fari da babu kowa a wurin. Da ruwa ya janye gaba ɗaya, makiyaya da masu tara hatsin daji suka gangaro kudu, kuma a daidai wannan lokaci ne, wajen 2500 kafin Miladiyya, ake ganin shaidar geron gida a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Duk wanda ya dubi taswira zai ga cewa gulabe da dallolin kudancin Nijar suna kan hanyar wannan gangarowa.

Rigimar Afunfun

Labarin jan ƙarfe ya fito ne daga filayen da ke kudu da yamma da Agadas, wajen tsaunin Tigidit da Ingal da Azelik. A ƙarshen shekarun 1970 Danilo Grébénart ya tona wurare da yawa a nan, ya kasa abin da ya samu kashi biyu. Kashin farko, wanda ya kira Jan Ƙarfe na Ɗaya, wasu ƙonannun ramuka ne masu siffa barkatai a Afunfun, waɗanda awon kabon-14 ya kai gawayinsu wajen 2000 kafin Miladiyya. Kashi na biyu, Jan Ƙarfe na Biyu, tanderu ne sosai, da kashin maƙera a gefensu, da kawunan kibau da zobba da awarwaro, daga wajen ƙarni na 9 zuwa na 1 kafin Miladiyya. Nauyin kashin farko a bayyane yake. Masu cewa daga waje aka kawo wa Afirka ta Yamma narkar da tama, ta hannun Finikiyawan Kartaj ko ta Marawi ta bakin Nilu, hujjarsu ita ce aikin yana da wuya, ba a fara shi sai an goge da jan ƙarfe, wanda ke narkewa a zafin digiri 1,085. Idan har an yi shekaru dubu ana wasa da jan ƙarfe a Azbin kafin baƙin ƙarfe ya bayyana, to wannan hujja ta faɗi.

A 1988 David Killick da Nikolaas van der Merwe da Robert Gordon suka sake duba samfuran a ɗakin gwaji. Abin da suka gani shi ne yawancin abin da aka ɗauka kashin maƙera ne ƙasa ce da wuta ta narkar, kuma da yawa daga ramukan sun fi kama da gurbin kututturan itatuwa da suka ci wuta har cikin saiwa. Suka kuma ja hankali ga wata matsala da duk mai aiki a hamada ya kamata ya riƙe. Awon kabon-14 yana faɗin lokacin da itace ya daina rayuwa ne, ba lokacin da aka ƙona shi ba. A ƙasa mai damina gara da ruɓa kan cinye mataccen itace cikin ƴan shekaru, saboda haka lokutan biyu ba su da nisa. A hamada kuwa kututture kan yi ɗaruruwan shekaru a bushe, har wani ya zo ya yi gawayi da shi. Abin lura, kuma abin yabo, shi ne Grébénart da kansa ya sa hannu a wannan takarda da ta rage wa bincikensa tsawo. Jan Ƙarfe na Biyu kuwa bai girgiza ba. Ya ma sami abokan shaida: a Iwelen cikin Azbin, Roset ya tono kawunan masu na jan ƙarfe masu siffa ɗaya da waɗanda aka zana a hannun mutane a jikin duwatsun wurin, kuma a Akjujt ta Muritaniya Nicole Lambert ta nuna ana haƙa ana narkarwa a kusan wannan zamani.

A nan ne za a yi mini suka ta farko, kuma suka ce mai ƙarfi. Za a ce wanda ya yarda da hukuncin 1988 ya mara wa masu raina Afirka baya, ya zubar da shekaru dubu na abin alfaharin ƙasa. Masu wannan ra'ayi za su kawo Termit, inda Gérard Quéchon ya ba da shekarun baƙin ƙarfe da suka kai 1500 kafin Miladiyya, waɗanda littafin da UNESCO ta fitar a 2002 ya yaɗa. Amsata ita ce, mai wannan suka ya riga ya karɓi tsanin Thomsen bai sani ba, tun da yana ganin sai an samo mana matakin jan ƙarfe mai tsawo kafin a yarda mun iya. Shaidar da ba a jayayya a kanta ta fi wannan ban sha'awa. A ƙarnonin da ake narkar da jan ƙarfe a Afunfun, ana narkar da tama a Do Dimmi ta Termit, ana kuma ci gaba da sassaƙa kibau da gatura na dutse a zangunan da ke kewaye. A Taruga ta ƙasar Nok, inda Bernard Fagg ya tono tanderun tama na tsakiyar shekaru dubun ƙarshe kafin Miladiyya, babu wani zamanin jan ƙarfe da ya gabace su. Shekarun Termit mafiya tsufa kuwa an ɗebe su ne daga tsingaron da aka tsinta a sarari kusa da guntayen ƙarfe, inda iska ke kwashe rairayi ta haɗa kayan zamuna daban-daban wuri guda. Alfaharin da aka ɗora a kan irin wannan awo yana iya rushewa da gwaji ɗaya, alhali wanda aka ɗora a kan tanderun Jan Ƙarfe na Biyu ya riga ya sha gwaji ya tsaya.

Daga Takadda zuwa Gobir

Zaren da ya haɗa wannan labari da ƙasar Maraɗi yana hannun Ibn Battuta. A 1353 ya sauka Takadda, ya bayyana yadda ake haƙo jan ƙarfe a bayan gari, a narkar a gidaje, a zuba shi sanduna sirara da kaurara. Kaurara 400 ne ke daidai da miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itacen girki, da kaurara ake sayen gero da man shanu da bayi. Ya ambaci Barno da wani gari Kubar a cikin inda ake kai wannan haja, kuma akasarin masana sun karanta Kubar a matsayin Gobir. Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, a aikinsu na 1976, sun kafa hujjar cewa kufan Azelik shi ne Takadda. Kudu da Agadas kuma akwai Marandat, wadda ake ɗauka ita ce Marandar da al-Ya'aƙubi ya ambata a ƙarni na 9, inda Henri Lhote ya tarar da dubun-dubatar ƴan kasaken narkar da ƙarfe. Muhammadu Bello a Infaƙul Maisur ya rubuta cewa Ahir, wato Azbin, a hannun mutanen Gobir take kafin Abzinawa su karɓe ta, Heinrich Barth ya ji irin wannan labari lokacin da ya ratsa Azbin a 1850, kuma Djibo Hamani ya bi diddigin maganar a littafinsa na 1989 kan sarautar Azbin. Tarihin bakan Gobirawa ya kawo su daga can zuwa Birnin Lalle, wanda ke cikin yankin Dakoro a yau, zuwa Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808, har Tsibiri da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Wanda ya ji wannan jeri zai so ya ƙarasa da kansa, ya ce ashe maƙeran Afunfun kakannin Gobirawa ne. Nan ya kamata a ja linzami. Tsakanin tanderun ƙarshe na Jan Ƙarfe na Biyu da zuwan Ibn Battuta akwai shekaru wajen 1,400, wato fiye da ninki biyu na abin da ke tsakaninmu da Ibn Battuta. Tsingaro ba ya faɗin harshen mai tukunya. Gobero ta riga ta nuna cewa al'ummu biyu da ba su san juna ba suna iya binne matattunsu a tudu ɗaya. Kuma ko an yarda Kubar ita ce Gobir, Gobir ta 1353 ba a Tsibiri take ba. Abin da za a iya tsayawa a kai ya fi wannan ƙanƙanta amma ya fi ƙarfi: ƙasar Maraɗi ba ta da ma'adinin jan ƙarfe da aka sani, tana da marmara da tama, saboda haka duk munduwar jan ƙarfe ko tagulla da za a tono a nan shaidar fatauci ce. Kimiyya kuma tana iya bin sawun darmar da ke cikin ƙarfe ta nuna yankin da aka haƙo shi. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda aka fara tonawa a 1907 aka sake a 1992, sun nuna amfanin irin wannan aiki: an samu manyan mutanen ƙarni na 13 zuwa na 16 binne da mundaye da kayan ƙafa na jan ƙarfe da tagulla, har da tasar da ta fito daga Gabas ta Tsakiya. Harshe ma ya riƙe wannan rarrabewa, domin har yau Bahaushe na bambanta maƙeran baƙi, masu garma da gatari, da maƙeran fari, masu zobe da munduwa. Ƙarfen gona na gida ne, na ado kuwa baƙo ne mai tsada.

Kwarin da ke jiran magini da matoni

Idan aka ɗora wuraren da aka tona a taswirar Nijar, za a ga sun taru a Azbin da Tenere da Termit, sai kuma kwarin kogin Kwara, inda Boubé Gado ya tona maƙabartar Bura a 1983. Tsakiyar kudu, inda Hausawa suka fi yawa, kusan fari fat take, in ban da ayyuka irin na Anne Haour a Kufan Kanawa ta jihar Damagaram. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A hamada iska ce ke yi wa mai bincike rabin aiki, ta yaye rairayi ta bar kaya a fili. A kwarin Gulbin Maraɗi akasin haka ake yi: kowace damina ruwa na kawo laka ya shimfiɗa. Ambaliyar 1945, wadda ta sa aka tashi garin Maraɗi daga kwari aka mayar da shi tudu, ta isa misalin ƙarfin wannan gulbi. Abin da aka yar a fadamar Jiratawa shekaru 3,000 da suka wuce yana can ƙasa da inda garma ke kaiwa. Amma wannan laka da ta ɓoye kaya ita ce kuma ke adana su hawa-hawa, na da a ƙasa na baya a sama, kuma mataccen itace ba ya daɗewa a nan kamar yadda yake yi a Tigidit. Matsaloli biyun da suka dagula Afunfun da Termit, wato tsohon gawayi da cakuɗewar kaya a sarari, sun fi sauƙi a wannan kwari.

Za a ce gatarin aradun da ke jakar mai magani ba hujja ba ce, tun da an raba shi da inda ya kwanta, mai yiwuwa ma daga wata kasuwa mai nisa aka sayo shi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a kansa za a gina tarihi ba. Amfaninsa shi ne ya sa a tambayi mai shi gonar da aka tsince shi. Za a kuma ce ƙasar da ke fama da fari da tsadar hatsi ba ta da kuɗin tone-tone. Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa. Masu haƙar rijiya da masu ɗibar yumɓu da masu buga bulo suna tsaga ƙasar kwarin kullum, su ne ke fara ganin tsingaro da kashin maƙera, kuma dattawan Tsibiri da Jiratawa da Madarumfa sun san sunayen kufai da inda suke. Guy Nicolas ya rubuta tsarin dangogi da sana'o'in kwarin Maraɗi, Nicole Echard ta ɗauki hoton narkar da tama a Adar tun masu yin ta suna raye. Abin da ya rage shi ne a haɗa irin wannan sani da awon ƙasa. Jinkiri kuwa yana da farashi, domin Bura ta nuna yadda masu satar kayan tarihi ke riga masana isa wuri, har sai da hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakanta cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta riga ta ɗora wa hukuma kare irin waɗannan wurare. Kirana ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni da fadojin Katsinar Maraɗi da Gobir shi ne su haɗa hannu a rubuta kufan da ke tsakanin Madarumfa da Tsibiri ɗaya bayan ɗaya, da sunansu da wurinsu, a zaɓi biyu ko uku a tona su hawa-hawa har a kai ƙasar da hannu bai taɓa ba, a kuma yi awon shekaru da ƙwayar gero ko ƙashi maimakon gawayin babban itace. Daga nan sai a yi haka a Birnin Lalle.